Gyaran rufin jirgin ruwa mai tafiya da iska a gindin turke

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina jan hankalin masu gyaran jiragen ruwa na faiba masu tafiya da iska: idan rufin ɗakin jirgin ya lotsa ya tsage a gindin turke, wato doguwar sandar da ke riƙe ƙyallen da iska ke turawa, liƙe tsagar da gam aikin banza ne. Ruwa ne ya bi ramukan waya da kusoshi ya ruɓar da katakon balsa, wani katako marar nauyi da ke tsakanin faibar sama da ta ƙasa ta rufin. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Inda sauti ya mutu, nan ɓarnar take. A sauke turken, a yanke faibar sama, a kankare ruɓar, a bari ya bushe ƙayau. A cike da faiba zalla da ifoksi, wato wani gam mai ƙarfi. A goge bakin yankan a karkace, faɗin gugar ya kai ninki 12 na kaurin faibar. Ginshiƙin da ke tokare rufin daga ƙasa, daidai gindin turken, shi ma a duba shi.