Barka da Sallah daga Baltimore: Mudun Baba da Awon Hasken Taurari

Baltimore, Amurka
Ranar Ƙaramar Sallah

Assalamu alaikum Baba da Umma,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Sallah. Da fatan an sha ruwa lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi. Lokacin da kuke saukowa daga idi mu nan ko asuba ba ta yi ba, don kun riga mu da awa biyar. Mun yi namu idin a wani babban zaure na haya, mu da 'yan Senegal da Somaliya da Pakistan a sahu ɗaya. Wata baiwar Allah 'yar Damagaram ta gayyace ni cin tuwon shinkafa da miyar taushe. Ta iya girki, amma Umma, ina cikin ci ƙwalla ta cika mini ido.

Daren jiya ba abin da nake tunawa sai Baba a tsakar gida kuna auna fidda kai da ɗan kwanon nan da ba a yarda yaro ya taɓa, awo huɗu ga kowane mutum. Na san an auna har da nawa. Wannan ne ya sa na ce yau zan amsa tambayar da kuka sha yi mini a waya, wai ainihin mene ne aikina, tunda na ce ban taɓa leƙa tauraro da idona ba.

Baba, aikina gwada mudu ne.

Madubin hangen nesan da muke aiki da shi, James Webb, an harba shi sararin samaniya ranar 25 ga Disambar 2021. Yana can nesa da mu da kilomita miliyan ɗaya da rabi, faɗinsa mita 6.5, an haɗa shi da ɓangarori 18 masu rufin zinare. A cikinsa akwai wata na'ura mai suna NIRSpec, ni kuwa na'urar tsefe haske nake kiranta. Kamar yadda Umma take tsefe kitso sili-sili, haka take tsefe hasken tauraro ta baje shi launi-launi irin na bakan gizo. Sai dai yawancin hasken da take kamawa ido ba ya ganinsa, dangin ɗumin nan ne da mutum yake ji a fuska in ya matso kusa da garwashi. Kowace irin iska tana da gurbin da take cinye haske a cikin wannan bakan, shi ne shaidarta. Ta haka aka tabbatar, a watan Agustan 2022, cewa akwai iskar kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa, a wata duniya mai suna WASP-39b. Tsakaninmu da ita tafiyar shekara 700 ce ga haske. Tana giftawa ta gaban tauraronta, hasken ya ratso ta cikin iskarta, aka ga giɓin a daidai inda ya kamata. Allahu Akbar.

Amma abin da yake saukowa daga sama ba hoto ba ne mai kyau irin wanda Auta yake gani a waya. Lambobi ne zalla, a jibge, da tsakuwarsu da ƙaiƙayinsu. Manyan faya-fayan karɓar saƙo a Kalifoniya da Sifen da Ostireliya su ke cafko su, a turo nan garin, inda ake gudanar da madubin. Daga nan sai shiƙa da tsinta.

Idon na'urar faifai biyu ne, kowanne da 'yan ƙwayoyi sama da miliyan huɗu masu ƙirga haske, kuma ba su zama ɗaya ba. Wata tana cika awo, wata tana tauyewa, wata kuma ko a duhu ƙirga take yi. Don haka ake toshe ƙofar haske a ga abin da kowace za ta nuna alhali ba komai, sai a cire shi, kamar yadda ake cire nauyin buhu kafin a faɗi nauyin gero. Sannan a kunna fitilun da ke cikin na'urar, waɗanda aka san haskensu sarai, a ga wadda take ƙari da wadda take ragi. Bayan haka a juya madubin ga wasu taurari da aka daɗe da sanin ƙarfin haskensu, irin su GD 153. Duk ranar da nake wannan, sai na tuna ku a Dawanau, in an kawo sabon mudu ba kwa auna wa kowa da shi sai kun cika shi kun juye a tsohon nan amintacce. Taurarin nan su ne tsohon mudunmu.

Akwai abin da ban gaya muku ba cikin azumi. Kusan mako uku ina ɗauke da wani ɗan tudu da na gani a awon wani tauraro, zuciyata tana raya mini cewa na gano wata iska da ba wanda ya lura da ita. Barci ma ƙaurace mini ya yi bayan sahur. Da na koma ɗanyen lambobin ina bi ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar wani ɓurɓushi ne daga cikin waɗanda ke yawo a sarari da gudun tsiya ya bugi faifan, ya bar tabo, ni kuma ban tsince shi da kyau ba. Laifina ne, ɗoki ya sa na tsallake mataki. Na je na faɗa wa malamina da bakina. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, amma wallahi da na fitar da shi duniya ta ɗauka gaskiya ne, da abin ya fi haka ciwo. Wanda ya sayi hatsi a kasuwa yana iya sake aunawa a gida. Mu kuwa ba mai iya zuwa can ya duba, amanar awon tana wuyanmu.

Auta, ka tambaya ko madubinmu zai iya gano jinjirin wata a huta da jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Ba zai iya ba. Kullum bayansa yake ba rana da duniya da wata, yana fake da wata rumfa mai shimfiɗa biyar, domin sai na'urar ta yi sanyin da ya kai wajen digiri 230 ƙasa da sifiri kafin ta ji ɗumin taurari masu nisa. In ya waiwayo wajen rana, ya lalace ke nan. Ga wani abin da zai burge ka: a bakin na'urar akwai 'yan tagogi kusan dubu 250, kowace faɗinta bai fi na silin gashi ba sosai, ana buɗe wadda ake so a rufe sauran, har a tsefe hasken abubuwa ɗari a lokaci guda. Wasu tagogin sun maƙale, kuma dole mu san kowace da wurinta. Ka dage da lissafi, shi ne jarin wannan sana'a.

Na turo goron Sallah ta hannun Yaya, a ba Hajiya Kaka nata tukuna kafin a raba wa yara. A gaishe mini da Kawu da Gwaggo da mutanen layinmu baki ɗaya. In kun je kallon Hawan Daushe, Auta ya ɗauko mini bidiyo, ya riƙe wayar da kyau. Umma, in an samu mai tahowa a saka mini kuka da daddawa da yajin nan naki. Baba, don Allah ku ɗauki hoton ɗan kwanon fidda kan ku turo mini, ina so in liƙa shi a jikin kwamfutata. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
'Yarku