Godiya ga kamfanin Behringer, kun dawo mana da fayafayan Baba

Assalamu alaikum ma'aikatan kamfanin Behringer, tun daga injiniyoyin da suka zauna suka tsara har masu haɗawa da masu sakawa a kwali, ina gaishe ku da fatan alheri. Ko wannan rubutun ya iso gare ku ko bai iso ba, ni dai na ga ya kamata in fito fili in yi godiya akan wannan ɗan ƙaramin akwatin naku UFO202 mai kwashe sautin garmaho zuwa kwamfuta, dan wallahi abun da ya min ba ƙarami bane, kuma wanda aka yi wa alheri ya yi shiru bai kyauta ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana fayafayan garmaho sun kai 130 a akwatuna biyu, wasu manyan nan masu juyi 33 a minti, wasu ƙanana masu juyi 45. Shekara tara suna ajiye ba mai taɓawa, sai dai in an tashi gyaran ɗaki a ɗaga a mayar. Ranar da na buɗe na tarar da guda huɗu sun lanƙwashe saboda zafi da kuma yanda aka jibge su a kwance ɗaya kan ɗaya, gabana ya faɗi sosai. A jikin kwalin kusan kowane faifai akwai rubutun hannunsa, ya sa shekarar da ya saya, wani wajen ma ya ja layi ƙarƙashin waƙar da ya fi so. Nan na ce dole in kwashe sautin nan in zuba a kwamfuta tun kafin a rasa sauran, kowa cikin 'yan uwana ya samu nashi a waya.

Injin garmahon nashi yana nan da ransa, allura kawai na canja da bel ɗin da ke juya farantin. Sai na nemi wata waya na haɗa shi kai tsaye da ramin makirfo na laftof, ina ta murna zan fara. Abun da ya fito kuwa ba ya sauraruwa, siririn sauti kaman ana waƙa cikin gwangwani, ganga ba nauyi, ga shuuu a ƙasa, ga shi hanya ɗaya kawai ya ɗauka ba dama da hagu. Kwana uku ina fama ina canja waya, har na fara zargin fayafayan ne suka mutu.

Ashe ba su bane. Daga baya na zauna na yi karatu akan abun sai na gane matsala biyu ce. Ta farko, wutar da kan allura ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, milivolt kaɗan ne, kaman 3 zuwa 5 a yawancin kawunan da ake kira MM, wato masu maganaɗisu mai motsi, dole sai an ɗaga ta sosai kafin ta kai matakin da sauran na'urori ke aiki da shi. Ta biyu ita ce ta fi ban mamaki: masu yanka faifai da gangan suke rage kaurin sauti, wato bes, su kuma ƙara siririn sautin sama, saboda in aka bar bes yanda yake layin da allura ke bi zai yi ta faɗi yana cin waje, waƙa kaɗan ce zata shiga, allurar ma tana iya tsalle ta fita, shi kuma na saman ana ɗaga shi ne dan ya danne ƙarar jikin faifan. Wannan tsarin shi ne na RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, da aka tsayar a 1954, kuma bambancin ya kai wajen desibel 20 (ma'aunin ƙarfin sauti) a kowane ɓangare. Kenan duk mai son jin faifai daidai sai ya samu abun da zai juya wannan lissafin ya mayar da bes ɗin ya sauke na saman, shi ake ce wa fono firi-amf. Tsofaffin amfilifaya suna zuwa da shi a ciki, ramin da aka rubuta Phono a baya, to ta Baba ta daɗe da lalacewa, ita kuwa laftof bata san da zancen ba sam.

Anan ne akwatinku ya shigo. Na duba hanyoyi da yawa, akwai sabon injin garmaho mai USB a jikinsa, akwai manyan katunan sauti na situdiyo da sai ka ƙara sayen firi-amf daban, akwai masu karɓar aikin su yi maka faifai faifai ka biya, duk in na lissafa da yawan fayafayan sai in ga abun ya fi ƙarfina. Ku kuma kuka haɗa firi-amf da katin sauti waje ɗaya a abun da bai wuce tafin hannu ba, ba batir ba caja, daga USB yake jan wutarsa, ban ma saka wata manhajar direba ba kwamfutar ta gane shi. Filogi ja da fari na garmaho suka shiga ramukansu, na tura ɗan makunnin nan daga Line zuwa Phono, na saka abun ji a kunne na sauke allura.

Kai. Gangar ta dawo da nauyinta, muryar mawaƙin ta tsaya a tsakiya, kayan busa suna gefe. Amma akwai wani gurnani mmmm a ƙasa da baya tsayawa, ko na ɗaga allurar yana nan. Sai idona ya kai kan wata siririyar waya da ke lilo a bayan injin mai ɗan ƙarfe kaman cokali mai yatsu biyu a bakinta, wacce tun ina yaro nake ganinta ban taɓa sanin aikinta ba. Na kwance ɗan sukurun da kuka sa a jikin akwatin na maƙala ta na ɗaure, gurnanin ya ɗauke ɗif. Wallahi duk wanda ya tuna ya saka wannan sukurun na wayar ƙasa a abu mai araha haka, ya san aikinsa kuma ya san mutanen da yake yi wa, ina masa godiya ta musamman.

Ɗaukar kuma da Audacity nake yi, manhajar nan ta kyauta da Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka faro a jami'ar Carnegie Mellon aka sake ta a shekarar 2000, suma suna da kaso a wannan godiyar. Ga duk mai son gwadawa ga yanda nake yi: a saitin sauti na kwamfuta ka tabbatar ta ɗauki akwatin a hanya biyu wato sitiriyo, ka sa 44,100 Hz da bit 16 wanda shi ne ma'aunin faifan CD, ka fara kunna wajen da waƙar ta fi ƙarfi kana kallon mita, ta riƙa tsayawa wajen -6, kar ta taɓa 0 dan in sauti ya fashe a ɗauka babu gyara sai an sake. Kuma in injinka na zamani ne mai firi-amf a ciki, ko kana ɗaukowa daga bayan amfilifaya, to makunnin ya zauna a Line, in ka sa Phono an ɗaga sau biyu kenan sai ka ji komai ya dagule.

Aikin yana cin lokaci, wannan ba ɓoyewa, dan faifai baya sauri, gefe ɗaya na manyan kusan minti 20 ne kuma sai ka zauna ka jira shi ya gama ka juya. Ni kafin in ɗora kowanne sai na share shi da buroshi mai laushi, masu dattin gaske kuma in goge da tataccen ruwa da kyalle mara gashi ina bin zagayen layin, in bari ya bushe sarai, rabin ƙas-ƙas ɗin da mutane ke kuka da shi ƙura ce kawai. Bayan ɗauka sai in sa alama a farkon kowace waƙa in fitar da su daban daban da sunayensu. Na asalin ina ajiyewa a tsarin fayil na FLAC tunda baya zubar da komai kuma ya fi WAV ƙanƙanta, shi WAV minti ɗaya yana cin wajen megabait 10, sai in yi MP3 daban na turawa a waya. Kuma waje biyu nake ajiyewa, kwamfuta da wani had-dis, wato ma'ajiyar fayil ta waje.

Na goge ƙas-ƙas da yawa amma ba duka ba, in ka matsa wa abun rage ƙara sai muryar ta koma kaman daga cikin ruwa take fitowa, gara a bar ɗan shuuu ɗin. Akwai ma guda ɗaya da na bari da gangan. A wani faifai, waƙa ta biyu, akwai wani ɗas da ke dawowa har sau shida, sau ɗaya a kowane juyi, daga wani karce da ya ratsa layin. Ranar da na kunna wa Mama a waya tana jin ɗas ɗin nan sai ta ɗaga hannu ta ce in tsaya, ta ce ai wannan ranar da yayanka yana rarrafe ya ja wayar injin ne, Babanku ya ɗauke shi yana dariya bai ko yi faɗa ba. Ta sa na mayar baya har sau uku, ta ce dan Allah kar ka goge wannan. Ban goge ba, haka na tura wa kowa, yaya ya kira ni da daddare ya kasa magana sosai.

Yanzu na gama 84, saura 40 da wani abu, harda biyu cikin lanƙwasassun nan guda huɗu, sauran biyun allura na iya bi a hankali na riga na kwashe su. Akwatin naku yana nan kan tebur tun ranar ban cire shi ba, bai taɓa bani matsala ba ko sau ɗaya.

Na gode, na gode ƙwarai. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'arku, ya saka wa duk wanda hannunsa ya taɓa wannan aikin da alheri.

Naku,
ɗaya daga cikin masu amfani da kayanku