Rahoton ayyukan shekara: kiɗan gitarmu da neman lambar yabo

Assalamu alaikum dattawanmu da sauran 'yan uwa membobi.

Ga abin da kwamitin ƙungiyarmu ta makaɗa ya gudanar a bana. Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne kan aikin da babban taron bara ya ɗora mana a nan Agadas, wato nemo hanyar shigar da faifan membobinmu gasar Grammy ta Amurka, a rukunin bulus (blues, salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka) na gargajiya.

Tun zaman farko aka yi ta ja-in-ja kan rukunin, kuma da dalili. Masu sayar da faifai a Turai sun daɗe suna tallar kiɗan gitar Abzinawa da sunan bulus na hamada, amma in an zo rabon kyauta sai a nuna mana wani layi. Marigayi Ali Farka Touré na Mali ya ci Grammy a 1995 da Talking Timbuktu, wanda suka yi da Ry Cooder, makaɗin gita na Amurka, a rukunin kiɗan duniya. Tinariwen, ƙungiyar makaɗan Abzinawa ta Mali, sun ci a 2012 da Tassili, nan ma rukunin ke nan. Da faifan Deran na Bombino, ɗan yankin nan, ya shiga sahun ƙarshe a bikin 2019, can ɗin dai aka ajiye shi. Shi kuwa Ry Cooder, da ya koma gida suka yi Get On Board da mawaƙin bulus Taj Mahal, kyautar bulus na gargajiya suka ɗauka a 2023. An sauya wa rukunin kiɗan duniya suna a 2020, amma har yanzu kwando ɗaya ne da ake zuba ɗan Indiya da ɗan Birazil da ɗan Nijar.

Wasu dattawa sun ce mu bar zancen, tunda kiɗanmu daga tende (gangar turmi) da imzad (gogen Abzinawa) ya samo tushe, ba ya buƙatar sunan aro. Matasa suka ce tunda da sunan ake cin kasuwa, a bar mu mu yi takara da shi. Kwamiti ya goyi bayan matasan, duk da mun san masu tantancewa a can suna da ikon mayar da faifai rukunin da suka ga ya dace.

Da muka bi ƙa'idojin dalla-dalla sai muka ga cikas ɗin tun daga gida yake. Faifai ba ya shiga sai an fitar da shi kasuwar Amurka cikin wa'adin shekarar, kuma memban hukumar gasar ko kamfanin da ya yi rajista da ita ne ke miƙa shi. Mu kuwa yawancin waƙoƙinmu a katin waya da WhatsApp suke yawo, babu sunan mai su, babu takarda. Don haka muka karkata ga rajistar waƙoƙi a ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa, BNDA, muka kuma shirya zaman bita kan karanta yarjejeniya kafin sa hannu. Zaman ya yi armashi, har waɗanda ba membobi ba sun cika tsakar gida.

Ɗaukar sauti ta ja ƙafa saboda ɗaukewar wuta da tsadar man janareto. An dai kammala wasu waƙoƙi, saura gyaran murya. Membobinmu sun yi wasa a taron makiyaya na Ingal, da bukukuwan aure ba adadi, waɗanda su ne ke riƙe da tukunyar kowa. Mata masu tende sun nemi kujera a kwamiti, an kuma amince.

Kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba. Ma'aji zai karanto lissafi a taro. Duk mai son faifansa ya shiga jerin baɗi, ya kawo wa sakatare sunayen waƙoƙin da na waɗanda suka tsara su kafin azumi.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti