Zuwa ga Abba, a kan gidan biredinka

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan jiki ya ƙara sauƙi. Allah ya sa kaffara ne. Hajiyarku ta ce in bari ka gama warwarewa kafin in ɗauko wannan magana, amma na kasa.

Kwana tara ka yi a gadon asibiti. A cikinsu an ce mini sau biyu aka zubar da kwaɓi, masu shayi uku sun koma wani gidan, ƙaninka kuma ya tsaya gaban dilan fulawa bai san buhu nawa ake binka ba. Ana yi maka ƙarin ruwa, waya tana ƙara a gefen filo, ana tambayarka yis nawa za a zuba. Gidan da mutum 14 ke ci a cikinsa ya tsaya cak saboda mutum ɗaya ya kwanta.

Na san za ka ce ba ka da lokacin rubuce-rubuce. Ai tambayoyin nan ne suka cinye maka lokacin. Duk abin da ba ka rubuta ba, sai ka faɗe shi da baki yau, ka sake faɗa gobe, ka kuma faɗa wa sabon yaro daga farko.

Ka fara da kwaɓi. Ka tsaya kan mai kwaɓinka kwana uku da sikeli, ka auna duk abin da yake zubawa a buhun fulawa mai kilo 50: ruwa lita nawa, sukari kilo nawa, gishiri, yis da bota giram nawa. Zai ce maka ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idonsa ne ya sani, kuma ranar da ya bar ka da idonsa zai tafi. Ka rubuta ma'auni biyu, na hunturu da na bazara, domin da sanyi kwaɓi yana jinkirin tashi, da zafi kuwa yana wuce lokaci ya yi tsami, sai an rage yis an sa ruwan sanyi. Ka rubuta minti nawa injin zai juya, yadda kwaɓi yake in ya isa shiga tanda, da minti nawa zai yi a ciki. A ƙasa ka rubuta da jan biro cewa ba a sa bromet, sinadarin nan da ake sawa don biredi ya kumbura, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta haramta shi, kada wani yaro ya kawo maka dabarar da ya koyo a wani wuri. A sa takardar a leda a manna ta jikin bango kusa da injin.

Sai yanka. A ce buhu ɗaya ya ba ka kwaɓi kilo 85, kana yanka giram 850, biredi 100 ke nan. In hannun yaro ya ƙara giram 20 kacal a kowane curi, biredi biyu sun tafi a buhun. Buhu goma a rana, biredi 20. A wata, 600. Ba wanda ya sace maka, ba kuma za ka taɓa gani ba sai in ana rubuta buhu nawa aka kwaɓa da biredi nawa suka fito, kullum, a layi ɗaya. Haka itace, dizal da ranar canjin man janareta: shafi guda ya ishe su.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Bashi ne.

'Yan babur suna ɗaukar biredi da asuba, su dawo da kwantai da yamma, su ba da rabin kuɗi, su ce saura gobe. Masu shayi suna biya mako-mako. Wasu suna turo kuɗi cikin asusunka, asusun da kake biyan kuɗin makarantar yara da shi. Kai kuma ana binka fulawa da sukari. Duk wannan lissafin yana cikin kanka, kuma kan nan ne na gani zazzaɓi ya sa bai gane Hajiyarku ba daren Talata. Da Allah ya karɓi abinsa a daren, aka yi sanarwa a wurin jana'iza cewa wanda ke bin mamaci ya zo, wa zai tantance mai gaskiya? Masu binka za su zo har da ƙari. Waɗanda kake bi kuwa, sai mai tsoron Allah a cikinsu. Matarka za ta zauna takaba da yara huɗu ba takarda ko ɗaya a hannunta. Ka ga abin da ya faru a gidan baffanka, da idonka ka gani, har yau ba sa gaisawa.

Kai da ka sauke Alƙur'ani, ni zan tuna maka cewa ayar da ta fi kowace tsawo, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka? Har cewa aka yi kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ka kuma san ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. To me kake taƙama da shi? Kaifin ƙwaƙwalwa? Abin da kake kira riƙon amana da yarda da mutane, wallahi sakaci ne, kuma marayu ne ke biyan kuɗinsa. In kuma tsoro kake kada yara su san sirrin sana'arka su buɗe nasu, ka sani mai son tafiya zai tafi ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba.

Kana iya cewa na cika tsanani, tun kana yaro haka kake cewa. Ban taɓa tsananta maka a kan abin da ba zai cuce ka ba. Kuma na san da guminka ka tayar da gidan nan daga tanda ɗaya, ban raina ba, ina alfahari da kai a gaban kowa.

Ga yadda za ka yi. Kowane mai ɗauka ya sami shafinsa: kwanan wata, abin da ya ɗauka, kwantan da ya dawo da shi, abin da ya biya, abin da ya rage, sannan sa hannu ko dangwale. Rasit mai kabon, ɗaya nasa ɗaya naka. Ka yanka wa kowa iyaka, in bashinsa ya kai ta ba ƙari sai ya rage, ko da ba ka nan. Littafi na dabam ga masu binka. Ka buɗe asusu da sunan gidan biredin, ka yanka wa kanka albashi daga ciki. Duk daren Alhamis a ɗauki hoton shafukan a tura wa matarka da ƙaninka, saboda gobara da ɓata. Bayan wata ɗaya ka kashe waya yini guda ka zauna a gida. Duk abin da ya tsaya ranar, shi ne ba ka rubuta ba tukuna.

Ranar Asabar zan aiko ƙaninka da manyan littattafai uku da sikeli. Kada ka tashi, kana kwance ka riƙa faɗa yana rubutawa, ku fara da masu binka. Hajiyarku ta haɗo maka zuma, ta ce ka shanye maganinka har ƙarshe ko ka ji sauƙi. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Mahaifinka