Takardar Koke ga Mai Girma Hakimi kan Cutar Ƙazuwar Maguna da Watsa Guba a Unguwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Mai Girma Dagaci da Mai Unguwarmu.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka, maza da mata, muna neman afuwa. Ba mu so ɗaga wa uba hankali da maganar maguna ba, sai da abin ya fi ƙarfinmu.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka wayi gari da gawarwakin maguna a bakin kwata, tun daga ƙofar masallaci har bayan Islamiyya. Wani ne, Allah ya san shi, ya kwaɓa shinkafar ɓera da kan kifi ya watsa a lungu cikin dare. Kaji suka tsattsagi ragowar suka bi sahu, har da agwagin wata baiwar Allah mai riƙon marayu. Sannan aka ga wani yaro da ko yaye bai daɗe da yi ba riƙe da kifin nan, yayarsa ce ta fizge. Ranka ya daɗe, da ta makara, da yau ta'aziyya ce za ta kawo ka unguwarmu.

Mai gubar zai ce ƙazuwa yake yaƙa. Gaskiya ne magunan unguwa sun lalace: kunnuwa da fuska duk ɓawo, gashi ya zube, suna susa har jini. Wani ɗanmu da ya karanci aikin dabbobi ya duba su, ya ce ba cuta ɗaya ba ce. Akwai ƙazuwar da ƙananan ƙwari ke haddasawa, su haƙa cikin fata, su fara daga gefen kunne su gangaro wuya. Akwai ta cizon ƙuma, mai fitar da ƙananan ɓawo a gadon baya. Akwai kuma makero, wanda shi ne damuwar iyaye mata, domin yana tsallakawa kan yara ya zana musu da'ira a ka. Ya ce duk suna warkewa. Ta ƙwarin nan allurar aibamektin ce, wadda makiyaya suka sani, likita ya auna gwargwadon nauyin mage, a maimaita bayan mako 2. Makero kuwa maganinsa daban ne, yana cin makonni, kuma sai an wanke shimfiɗar da dabbar ke kwanciya.

To, da yake ba mai gaya wa jama'a haka, kowa ya zama likita. Wani ya shafa baƙin mai, mage ta lashe jikinta ta mutu. Wani ya fesa fiya-fiya. Wasu sun ɗura farasitamol, alhali ƙwaya ɗaya na iya kashe mage. Har maganin kaskar karnuka an zuba, wanda wani irinsa guba ne a gare ta. Yara kuma sun mai da jifan su wasan yamma, a garin da liman ke karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa!

Mun kai kuka ba sau ɗaya ba. An yi zama a ƙofar gidan Mai Unguwa, an tura wakilai ofishin da abin ya shafa, an ce mu rubuto, mun rubuta, an ce babu mota, an ce a dawo bayan salla. Sallar ta wuce. Ba ma zargin kowa a gabanka, amma haƙuri ma yana gajiya.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ka sa baki a turo mana likitan dabbobi ya yini a ƙofar gidan Dagaci. Masu maguna a gida za su kawo, matasa sun yi alkawarin kamo na kan titi, kuɗin magani kuma mun yarda mu yi karo-karo. In da hali a haɗa da rigakafin cutar haukan kare. A yi shela a masallatai cewa duk wanda aka kama yana watsa guba zai gurfana a gabanka. A turo duba-gari su sa a kwashe jujin bayan mahauta, inda magunan ke cunkushewa suna shafa wa juna cutar. Ma'aikatan lafiya su leƙa makarantun allo su duba kawunan yara. Kuma a binciki wanda ya yi aikin Juma'ar nan, don bai kamata ya tafi a banza ba.

Kar a manta, tun da magunan suka ragu ɓeraye suka samu gari, har cikin buhunan hatsi, ga rani ya ƙarato, lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa. Muna sake roƙo, likitan nan dai a turo shi, kuma a hana gubar kafin wani ya sake kwaɓa ta.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ƙara girma.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
dattawa, iyaye mata da matasan unguwa.