Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Magajin Gari Kan Kuɗin Nazarin Bayanan 'Yan Sanda

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu labarin cewa a kasafin kuɗin da ke gabanka an ware wani kaso don saya wa rundunar 'yan sandan birni manhajar nazarin bayanai. Ina goyon bayan a kashe kuɗin. Roƙona shi ne ka duba da kyau inda za su fara sauka.

Kwanakin baya an fasa gilashin motata cikin dare aka kwashe abin da ke ciki. Jami'in da ya karɓi ƙorafina mutumin kirki ne, amma ya gaji liƙis. Ina kallo ya rubuta sunan wani titi da ba namu ba, a gurbin lokaci kuma ya sa "da dare" kawai. Da na gyara masa sai ya ce ai takardar ma sai ta yi makonni kafin a shigar da ita kwamfuta. To, ita da dubban irinta su ne abin da manhajar za ta ɗora lissafinta a kai. Idan rijiya ta gurɓace, komai tsadar guga gurɓataccen ruwa zai ɗebo.

Amfanin nazarin bayanai a fili yake. A binciken da masanin nazarin laifuka Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka wallafa a 1989, an gano cewa kimanin kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin Minneapolis na Amurka ne ke jawo rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda. Wanda ya san waɗannan wurare zai iya tura sintiri inda ya dace, wani lokacin ma fitilar titi kawai za a gyara.

Inda nake jin tsoro shi ne idan aka bar wurare aka koma kan mutane. Birnin Chicago ya yi shekaru yana amfani da wani jeri da kwamfuta ke ba mutane maki, wai don hasashen wanda zai yi harbi ko a harbe shi. Cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta duba zubin farko na shirin a 2016, ta ga bai rage kisa ba, sai dai waɗanda ke cikin jerin sun fi fuskantar kamu. A 2019 aka jingine shi. Haɗarin irin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne: unguwar da aka fi kai wa samame ita ke da yawan kamu a rajista, manhaja ta ga haka ta sake tura jami'ai can, gobe adadin ya ƙaru. Yaron da ya taso a wannan unguwa ya zama abin zargi tun bai yi komai ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, a fara da gyara rajista da horar da masu cike ta, a ɗauki ƙwararrun masu nazari aiki na dindindin, domin su ne za su iya cewa wannan adadi bai yi kama da gaskiya ba. Duk kamfanin da ya ce yadda manhajarsa ke lissafi sirrin kasuwanci ne, kada a ba shi kwangila. Kuma kafin ka sa hannu, ka kira taron jama'a a karanta mana yarjejeniyar: wa zai riƙe bayananmu, har tsawon wane lokaci, kuma ƙofar wa mutum zai buga idan aka sa sunansa bisa kuskure.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin birni