Sanarwa Game da Kalmar "Kai" da Takwarorinta

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu daraja. Tattaunawarmu ta wannan mako za ta tsaya ne a kan kalma guda, wato "kai", domin na lura tana yawan rikita masu fassara a cikinmu.

Bature yana kiran kan mutum "head", kuma da wannan kalmar yake kiran shugaban makaranta da mafarin kogi. Balarabe ma daga "ra'as" ya samo "ra'is", wato shugaba, yana kuma kiran jari "ra'asul mal", kan dukiya ke nan. Haka "capital" ta Ingilishi, mai nufin babban birni da jari, asalinta "caput" ce ta Latin, wadda ita ma kai take nufi.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda Hausa ta bi tata hanyar. Muna cewa "ni da kaina", alhali Balarabe "nafs" yake amfani da ita a nan, sannan ga haɗin kai, girman kai da shawo kan matsala, waɗanda duk wanda ya fassara su kalma da kalma zai ɓata ma'anarsu.

Ina roƙon kowa ya turo misalai daga harsunan da ya sani kafin ranar Alhamis, tare da jimlar da kalmar ta fito a ciki.